Kwandunan rataye, mako na 7: ashe ban iya ban ruwa ba

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana. Kwanduna uku ne a rataye, kowanne faɗinsa santimita 35, na shimfiɗa musu zaren ɓawon kwakwa a ciki. Ɗaya tumatir ne, irin mai ƙananan 'ya'ya da ke zubowa ƙasa, ɗaya furen petuniya, na ukun kuma na haɗa nastashiyum (wani fure da ake ci) da na'ana'a.

Tumatirin ne ya sa ni a gaba. A mako na 5 na ga ƙasan wasu 'ya'yan ya yi baƙi ya lotsa, kamar an ɗana musu garwashi. Na ɗauka cuta ce, har na fara tunanin magani. Ashe laifina ne. Yau in malale shi da ruwa, gobe in manta ya wuni da ƙishi. Shi sinadarin kalsiyam, wanda rashinsa ke jawo wannan baƙin, ruwa ne ke ɗaukarsa daga saiwa zuwa 'ya'ya, to idan ruwan yana yankewa, can ƙasan ɗan tumatir ne ke rasa rabonsa.

Abin da ya ruɗe ni kuwa, ina zuba ruwa sai in ga yana ɗiga ta ƙasa nan take, in ce ai ya ƙoshi. Ina! Ƙasar ce ta bushe ta takure, ta bar rata a gefe, ruwan yana bi ta nan yana wucewa. Da na cusa yatsa tsakiya, ƙura na taɓo. Sai na sauke kwandon na tsoma shi a babban bokiti, ya yi ta fitar da kumfa, na bar shi rabin awa. Kwando ba tukunya ba ne, iska na dukansa ta ko'ina.

Yanzu ba na yarda da ido. Kowace safiya ina sa tafin hannu a ƙarƙashinsa in ɗan ɗaga. In ya yi sakayau, ruwa yake so, a ranar zafi har sau biyu. Ku duba ƙugiyarku ma, don lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tawa ta fara lanƙwasa, na sauya ta.

Petuniya ba ta da rigima, muddin ana tsinke furen da ya yi yaushi tare da gindinsa kafin ya ƙulla iri.

Na'ana'a dai na yi da-na-sani. Saiwarta ta mamaye kwandon, nastashiyum ya koma rakuɓe a gefe. Shi kuma na cika masa taki, ya ba ni ganye fal, fure biyu tak. Na ɗanɗana ɗaya, yana da ɗan yaji mai daɗi. Ranar Asabar zan raba su, na'ana'ar ta koma kwandonta ita kaɗai, ta yi mulkinta a can.