Shekara uku ina dillancin gidajen haya a Manchester

A farkon 2019, ina tsakiyar karatun digiri na biyu, na samu aikin wucin gadi a wani ƙaramin ofishin dillancin gidajen haya a Manchester. Da na gaya wa mahaifiyata a waya sai ta yi dariya ta ce, "Wato duk wannan uwar tafiya dillanci ka je yi?" A wurinta dillali shi ne mutumin nan mai babur da tarin makullai a aljihu, wanda zai zagaya da kai gida biyar, huɗu daga ciki ya san ba za su yi maka ba, sannan ya ce ka kawo kuɗin mai.

Ba ta yi nisa da gaskiya ba. A Kano ko Kaduna ɗan haya ne ke biyan la'ada, galibi kashi goma cikin ɗari na kuɗin shekara, wani wurin a ɗora masa kuɗin lauya, alhali mai gida ne ya sa dillalin aiki. Abin da na tarar a Ingila bai bambanta sosai ba, sai dai an sa masa kwat. Ana cajin ɗan haya kuɗin binciken aikinsa da tarihin bashinsa, da kuɗin rubuta yarjejeniya, in shekara ta zagayo kuma a caje shi kuɗin sabuntawa. Ni ke yin sabuntawar, don haka na san abin da ke cikinta: a buɗe tsohuwar takarda a kwamfuta, a sauya kwanan wata, a buga. Ko shayina ba ya hucewa kafin in gama.

Ran 1 ga Yunin 2019 dokar da ta haramta wa dillalai da masu gidaje karɓar irin waɗannan kuɗaɗe daga ɗan haya ta fara aiki a Ingila. Abin da aka bari kaɗan ne. Kuɗin ajiya, wato wanda ɗan haya ke bayarwa a riƙe saboda ɓarna ko bashin haya, kada ya wuce hayar mako biyar a yawancin gidaje, kuɗin kama gida kafin a sa hannu kada ya wuce hayar mako ɗaya, sai 'yan abubuwa kamar makullin da ɗan haya ya ɓatar. Wanda ya saɓa, tarar farko tana iya kaiwa fam 5,000.

Maigidana a ofis ya yi ta ƙorafi, sannan ya yi abin da kowa ya yi, ya mayar da kuɗin kan masu gidaje. A nan na fahimci abin da ban taɓa lura da shi ba a gida. Masu gidaje suka fara ciniki. Wani ya ce ofishin da ke tsallaken titi ya fi mu sauƙi, wani ya kwashe gidajensa uku ya tafi. Ɗan haya bai taɓa yin wannan ba, domin ba shi ke zaɓar dillali ba. Gida ya gani yana so, dillalin da ya tarar tsaye a bakin ƙofa shi ne nasa dole, duk abin da aka yanka masa kuwa ko ya biya ko wani ya riga shi. Wasu masu gidajen sun ɗora abin a kan haya, ba na musu. Amma kuɗin haya a fili yake, kowa na ganinsa a talla ya kwatanta da na maƙwabta tun kafin ya saka ransa.

Wanda ya fi koya mini aikin dai wani dattijo ne mazaunin Kaduna. Ya sayi gida mai ɗaki biyu a wani bene lokacin da 'yarsa ke karatu, da ta gama ta koma sai ya ba ofishinmu. Da aka gano yarenmu ɗaya aka ce ni zan riƙa magana da shi. Dillalai a can suna sayar da aiki hawa-hawa. Akwai wanda zai nemo maka ɗan haya ya karɓi ladansa sau ɗaya ku rabu, akwai mai karɓar maka haya duk wata, akwai kuma mai riƙe gidan gaba ɗaya. Alhaji na ƙarshen ya ɗauka, a kan kashi goma sha biyu.

Rigimarmu ta farko a kan lissafi ce. Hayar fam 900 ce a wata. La'adarmu fam 108, a ɗora mata harajin VAT na kashi ashirin, ta zama 129.60. Sannan da yake ba a ƙasar yake zaune ba, doka ta wajabta wa dillali ya cire harajin kashi ashirin daga abin da ya rage ya miƙa wa hukumar haraji ta HMRC, sai fa in mai gidan ya cike fom an amince a ba shi kuɗinsa cif ya biya harajin da kansa. Alhaji bai cike ba. Fam 616 da 'yan kai suka shiga asusunsa, ya kira ni yana tambaya ko mun haɗa baki da gwamnatin Ingila ne. Laifin namu ne, tun ranar sa hannu ya kamata a zaunar da shi a yi masa wannan lissafin da alƙalami. Daga ranar ban ƙara ce wa mai gida "kashi kaza" kawai ba, sai na rubuta masa abin da zai shigo hannunsa.

Ta biyu kuwa a watan Janairu ce. Boila, wato tukunyar gas da ke ɗumama ɗakuna da ruwan wanka, ta mutu a gidan ranar Juma'a da yamma. Matar da ke ciki tana da jinjiri. Na je na same ta sanye da rigar sanyi biyu a cikin falo, ta kunna murhun girki ta bar ƙofar kicin a buɗe don ɗumi ya shigo, tagogi duk sun yi raɓa. Injiniya ya duba ya ce gyara ba zai yi ba, sai sabuwa, kuɗin ya haura fam dubu biyu. Yarjejeniyarmu da Alhaji ta ba mu izinin kashe fam 200 kawai ba tare da tambaya ba.

"Alhaji, barka da dare, a gafarce ni da kira a wannan lokaci."

"Lafiya dai, ɗana?"

Na yi masa bayani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ku da nake biya duk wata, meye aikinku? Nan in famfo ya lalace, wanda ke cikin gida shi ke kiran mai gyara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da kake biyan mu shi ne in tashi in zo cikin sanyin nan, in nemo injiniya, in kira ka. Boilar taka ce, kuma a dokarsu ta 1985 rufi da bango da bututun ruwa da wayar wuta da abin ɗumama gida duk suna wuyan mai gida. Ko an rubuta a yarjejeniya cewa ɗan haya ne zai gyara, kotu ba za ta kalli rubutun ba."

"In na ce a jira ƙarshen wata fa?"

"Za ta kai ƙara hukumar gunduma, kuma sunanka ne a takarda. Ban da haka, Alhaji, yaron bai fi wata huɗu ba."

Maganar yaron ce ta yi aiki, ba dokar ba. Ya ce a yi, ya turo kuɗin da safe. Na kai mata hita biyu na lantarki daga ofis ta rage dare da su zuwa Talata.

Abin da masu gida da yawa ba su gane ba ke nan, har da Turawan. Suna ɗauka da zarar sun ba dillali makulli sun sauke kaya. Binciken gas da ake yi duk shekara, da na wayoyin lantarki duk shekara biyar, da ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa, dillali na iya shirya su, amma in an yi sake mai gida ba ya kuɓuta da cewa ai ya ba wani. Shi ya sa nake ce wa duk mai ba da gida ya nemi kwafin takardun nan ya gani da idonsa.

Ni kaina na taɓa yin saken. Kuɗin ajiyar ɗan haya dole ne a yi masa rajista cikin kwana 30 a ɗaya daga cikin tsare-tsare uku da gwamnati ta amince da su, don kada mai gida ya zama shi ne alƙali a kan kuɗin da ke aljihunsa. Na manta da wani har kwana 41, ina fama da jarrabawa. Kotu na iya sa a biya ɗan haya har ninki uku na kuɗin. Ofis ya sasanta da shi, ni kuma na sha faɗan da har yau in na tuna sai na ji kunya.

Ƙorafin da na fi rainawa a da shi ne na funfuna a bango. Amsar da aka koya mana ita ce a ce wa ɗan haya ya riƙa buɗe taga. A Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a Rochdale, nan kusa da mu. A 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ta tabbatar da cewa daɗewa yana shaƙar funfunar gidansu ce ta kashe shi, bayan mahaifinsa ya sha kai kuka. Na riga na bar aikin a lokacin, amma na zauna ina ƙirga mutum nawa na taɓa ce wa su buɗe taga a watan sanyi ba tare da na je na ga bangon ba.

Bara na raka ƙanena neman gida a Kano. Dillalin ya karɓi kashi gomansa a hannunmu, muka shiga muka tarar silin ɗin ɗaki ɗaya ya yi taswirar yoyo. Na ce masa a sa a takarda cewa mai gida zai gyara rufin kafin damina. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yallaɓai, ai mai gidan mutumin kirki ne." Na ce na yarda, a dai rubuta. Sai da muka yi kwana biyu ana kai-komo kafin ya kawo takardar da sa hannu.