Kwana Biyar a Oulu, Garin da Injiniyoyi Suka Ƙi Tashi

Shekara goma sha ɗaya ina hawa ƙarfen sabis tsakanin Kano da Katsina, ina kwance akwatunan rediyo ina ɗaurawa, da yawansu da tambarin Nokia a jiki, amma ban taɓa tunanin inda ake zama a ƙirƙiro su ba. Sai da ƙanena ya samu gurbin digiri na uku a Jami'ar Oulu ta ƙasar Finlan sannan na fara jin sunan garin. Inna kuwa har gobe "Auwalu" take ce masa, mun gyara mun gaji.

A watan Janairun 2024 wani kwas ya kai ni Helsinki, babban birnin Finlan. In zo har ƙasar in koma ban sa ɗan'uwana a ido ba, da wace fuska zan kalli Inna? Dama ta haɗo ni da saƙo: yaji, kuka, daddawa, da tambaya guda wadda ta maimaita mini sau uku a zaure, cewa in ji daga bakinsa yaushe zai dawo.

Na ɗauki jirgin ƙasa da safe, tafiyar wajen awa shida zuwa arewa. Taragon a cike, amma ko tari ba ka ji, kai ka ce zaman makoki ake. Mun tsaya a Tampere, wanda kusa da shi ne ɗan garin Nokia yake, inda kamfanin ya samo sunansa. Da niƙa itace don yin takarda ya faro a 1865, har takalman roba ya yi kafin ya zo ga wayar da muke kira rakani-kashi. Daga nan kuma sai daji. Dogayen itatuwa miƙaƙƙu, dusar ƙanƙara ta rufe komai fari fat, sai jifa-jifa ka hango jan gidan katako. Muka wuce Seinäjoki, muka wuce Kokkola, rana tana rarrafe a gefen sama ta ƙi ɗagowa. Na ce a raina: wane mai hankali ne zai kwaso kuɗinsa ya kafa cibiyar bincike a wannan surƙuƙin, ga Landan ga Faris?

Ƙarfe uku da 'yan mintuna muka isa, magariba ta riga ta yi. Ina sauka na ja numfashi sai na ji gashin hancina ya sandare. Wayata ta nuna digiri 22 ƙasa da sifiri. Ƙanena ya dube ni sama da ƙasa ya fashe da dariya.

"Yaya, ai wannan rigar sanyin Jos ce."

Ya ciro wata jibgegiya daga jaka ya yafa mini. A kwanakin da na yi, abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne salla: ka idar da azahar, kafin ka gama shan shayi la'asar ta shigo, kafin ka miƙe ƙafa rana ta faɗi.

Washegari muka shiga bas zuwa Linnanmaa, unguwar jami'ar. Ta taga na ga 'yan firamare a kan kekuna cikin duhun safiya, kowa da fitilarsa, suna gudu a kan ƙanƙara kamar a kan kwalta. Ƙanena ya ce tun asuba motocin hukumar gari ke share hanyoyin keke, wasu kuma tayoyinsu da ƙananan ƙusoshi. Ya ce farfesan da ke duba aikinsa ma a keke yake zuwa.

Jami'ar an kafa ta a 1958, kuma kusan dukkanta a ƙarƙashin rufi ɗaya take, dogayen baranda suna haɗa sashe da sashe, don kada sanyi ya hana kowa zuwa aji. Nokia ta fara haɗa kayan rediyo a garin a farkon shekarun 1970, cibiyar binciken fasaha ta gwamnati mai suna VTT ta buɗe ɗakin gwajin lantarki a shekarun nan, sannan a 1982 aka kafa unguwar kamfanonin fasaha, irinta ta farko a ƙasashen arewacin Turai. Yau duk suna maƙwabtaka da juna, tafiyar ƙafa. Yaro ya gama aji da safe, da rana yana koyon aiki a kamfani, da yamma ya haɗu da injiniyan kamfanin a layin abinci. A nan wani ɗalibi, Jarkko Oikarinen, ya ƙirƙiro IRC a 1988, kakan dandalin hira ta intanet. Wani malamin jami'ar kuma ya kafa Polar a 1977, masu agogon auna bugun zuciya, waɗanda mazauninsu ke garin Kempele da ke gefe.

Ƙanena ya nemi izini aka buɗe mini ɗakin gwajin eriya. Bango da rufi duk an manne su da soso mai tsini, jere reras kamar haƙoran kada, aikinsa ya shanye duk wani igiyar rediyo don kada ta dawo ta ɓata awo. Da aka tura ƙofar sai na ji kunnuwana sun toshe, muryata ta fita ta ƙi dawowa. A tsakiya ga wata 'yar eriya da ba ta kai tafin hannuna ba, a kan sanda mai juyawa a hankali. Ya ce aikin 6G ne, wato sabis ɗin waya na nan gaba, shirin da jami'ar ta ƙaddamar tun 2018. Ni da nake fama da ƙauyukan da 3G ma sai an hau tudu, sai kawai na yi shiru.

Duk da haka ban gamsu ba. Jami'a mai kyau ai Helsinki ma tana da ita. Amsar da ta shiga kaina a wurin maƙwabcin ƙanena na same ta, wani dattijo mai furfura wanda ya yi shekara talatin yana tsara ƙwaƙwalwar waya. Ya gayyace mu sauna, ɗakin turirin da Finlawa ba sa wasa da shi. Na shiga da gajeren wandona na yi minti biyar na fito ina haki, shi ko a jikinsa. Bayan nan muka zauna a kicin ɗinsa, ya haɗa kofi baƙi ƙirin.

Ya ce 2014 ce shekarar da ba za su manta ba. Nokia ta sayar wa Microsoft sashen wayoyinta, Microsoft ta rufe cibiyarta ta Oulu, kamfanin Broadcom ma ya rufe tasa a shekarar. Shi ma aikinsa ya tafi a guguwar. Mutane da dama suka ɗauka gari ya mutu.

"To me ya hana ku tashi?" na tambaye shi.

Ya nuna taga da kofinsa. Ya ce gidan nan ya gama biyan kuɗinsa, matarsa ma'aikaciyar jinya ce a garin, 'ya'yansa suna makaranta, mahaifiyarsa tana tsallaken kogi, yana da 'yar bukka a bakin tafki da yake zuwa kamun kifi. Ya kwashe duk wannan ya kai ina? Abokan aikinsa ma haka. Sai ga ayarin mutane da suka yi shekara ashirin suna aiki tare, kowa ya san hannun kowa, suna zaune a gari ɗaya babu aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a cikin shekarar MediaTek ta Taiwan ta zo ta buɗe cibiyar bincike, Nordic Semiconductor ta Norwe ita ma ta buɗe tata. Ba ɗaiɗai suka riƙa tsintar mutane ba, rukuni-rukuni suka ɗauka. Waɗansu kuma suka kafa nasu. Oura, masu zoben nan da ke auna barci, a garin aka kafa shi a 2013.

Daga nan na fara ganin lissafin kamfanonin. Bincike ba kamar ciniki ba ne da sai an kasa kaya inda jama'a ke wucewa. Aiki ne na shekara biyar, goma, kafin a ga amfaninsa, kuma rabin ilimin a kan mutane yake, ba a takarda ba. A babban birni injiniya na iya shan shayi da kai yau, gobe kamfanin da ke tsallaken titi ya ƙara masa albashi ya ɗauke shi da duk abin da ya sani. A Oulu, mai mutane dubu ɗari biyu da 'yan kai, haya ba ta kai ta Helsinki ba, fili na da araha, mutum na isa ofis cikin kwata ɗin awa, don haka yakan zauna. In taro ya taso, jirgin sama awa ɗaya ne zuwa Helsinki. Hukumar gari kuwa ta san da waɗannan mutane take ci, ba sai an yi mata dogon bayani ba. Lokacin da na je ana kan gina wa Nokia sabon mazauni a Linnanmaa, wanda aka buɗe a 2025.

Abin ya tuna mini Samaru. Binciken noma ya kafu a can tun zamanin Turawa, kafin a buɗe jami'ar Zariya a 1962, kuma irin masara da wake da dawa da manomanmu ke shukawa da yawa daga can suka fito, ba daga Legas ba. Sai dai kada a ɗauka ƙanƙantar gari ita ce sirrin. Kwana biyar ɗin da na yi a Oulu ko ƙiftawa wuta ba ta yi ba, kuma shekara hamsin suka yi suna tara mutanen nan.

Akwai kuma ɗacinsa, dattijon bai ɓoye ba. Garin da ya jingina da bango ɗaya, ran da bangon ya faɗi kowa sai ya ji a jikinsa. Baƙo kuma in ya zo da iyali, shi ya samu aiki, matarsa ta zauna a ɗaki cikin duhun hunturu babu harshe babu dangi, sau da yawa ba sa shekara biyu.

Ana gobe zan tafi muka zaga kasuwar bakin teku, inda gunkin wani ƙaton ɗan sanda mai tumbi yake tsaye, ga tsofaffin rumbunan katako a jere. Sarkin Suwidin ne ya kafa garin a 1605, kuma a ƙarni na 19 da kwalta ya yi suna, wadda ake tatsa daga itace, a gangaro da ita ta kogi cikin ganguna, a sayar wa masu jiragen ruwan Turai. Har yau suna alewa mai ɗanɗanonta. Na sa ɗaya a baki na rasa inda zan tofar.

A tashar jirgi na ga ba makawa, na isar da saƙon.

"Inna ta ce in ji daga bakinka, yaushe za ka dawo?"

Ya sunkuyar da kai yana murza ƙanƙara da takalmi. Ya ce kamfanoni biyu sun riga sun yi masa magana, duka a nan garin, ɗaya ma daga tagar ofishinsa yana hango gininsu.

"Yaya, ka ce mata da babbar salla zan zo."

"Zuwa ko dawowa?"

Jirgin ya iso kafin ya amsa. Ya ɗora mini jaka, ya karɓi rigarsa a bakin ƙofa, ya tsaya yana ɗaga mini hannu har muka bar tashar.