Profiteer: sunan da yaƙi ya raɗa wa masu ƙazamar riba

Lokacin da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ina cikin layi na ga wani gidan mai ya sauya farashi a kan man da ya saro da tsohon kuɗi. Wani dattijo a bayana ya girgiza kai ya ce, "Wannan shi Bature ke kira profiteering."

Kalmar ta tsaya mini a rai. Tushenta profit, wato riba, wadda Turanci ya aro daga Faransanci. Sai aka maƙala mata wutsiyar -eer, wadda sau da yawa zargi take ɗauke da shi, kamar a racketeer, ɗan damfara; aka sami profiteer, mai cin ƙazamar riba, aikinsa kuma profiteering.

Kalmar profiteer ta yi ƙaurin suna ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yayin da wasu 'yan kasuwar Birtaniya ke kuɗancewa da cinikin abinci da makamai, matasa kuwa na ta mutuwa a fagen daga. A 1915 gwamnati ta ɗora harajin kashi 50 kan rarar ribar yaƙi, a 1917 ya kai kashi 80. Kashi 80 fa! A 1919 kuma majalisa ta kafa dokar hukunta masu tsawwala farashin kayan masarufi.