Kujerar da ke Kusa da Taga

Shekara ɗaya na yi ina koyarwa a ƙasar waje. Kafin mu tafi an zaunar da mu, aka yi mana bita kan zaman baƙunta: kewar gida, sauyin yanayi, harshen da ba naka ba. Maganar dawowa kuwa ba wanda ya taɓo ta, ni ma ban tambaya ba. Wa zai nuna wa mutum hanyar gidansu?

Makon farko bayan dawowata murna ce zalla. Barci ne kawai ya rikice saboda bambancin sa'o'i, ƙarfe uku na dare idona biyu, amma cikin 'yan kwanaki ya daidaita. Abin da ya daɗe a raina shi ne na ranar da na koma makaranta. Na shiga ɗakin malamai, sai na tarar da wata sabuwar malama a kujerar da ke kusa da taga, wadda na yi shekaru ina zama a kanta, tana duba takardun jarrabawa. Ta ɗago ta gaishe ni cikin ladabi, ta ce, "Malam, wa kake nema?" Ba ta yi laifin komai ba. Amma a tsayen nan na ji nauyin maganar da ake cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Daga baya na karanta cewa masana sun daɗe da lura da wannan hali. A 1955 Sverre Lysgaard ya yi nazarin 'yan Norway da suka je Amurka da tallafin karatu na Fulbright, ya ga zaman baƙo yakan bi siffar harafin U: ɗoki, sai ƙunci, sai sabo. A 1963 John da Jeanne Gullahorn suka ce harafin W ne, domin akwai rami na biyu da ke jiran mutum bayan ya dawo. A ganina na biyun ya fi zurfi, saboda ba ka yi masa shiri ba. Ka ajiye gida a zuciyarka yadda ka bar shi, alhali mutanensa sun ci gaba da rayuwarsu, kai ma kuma ba yadda ka tafi ka dawo ba.

Kuskurena bakina ne. Kowane taron malamai sai na ce "a can haka ake yi." A can ɗalibai kan zauna a da'ira, a can aji bai kai mutum ashirin ba. Da zuciya ɗaya nake faɗi, amma abokan aikina gori suke ji. Wata rana wani dattijon malami, wanda shi ya riƙe ajina duk tsawon tafiyata, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, labarin can mun ji shi. Na nan fa, ka tambaye mu?"

Ban tambaya ba, gaskiyarsa ce. Da na fara tambaya sai na ji an sauya manhaja, an haɗa azuzuwa biyu saboda ƙarancin malamai, shi kuma ya yi ta ɗaukar darussana a kan nasa bai taɓa ƙorafi ba. Na yi masa godiyar da ya kamata in yi tun ranar farko.

Daga cikin dabarun da na zo da su, ɗaya kawai na fara gwadawa, wadda ba ta bukatar kuɗi ko ƙaramin aji. Minti biyar kafin a tashi, kowane ɗalibi ya yagi 'yar takarda ya rubuta abin da bai gane ba, ba sai ya sa suna ba. Ranar farko, fiye da rabin takardun a kan abu guda suke, abin da na ɗauka na gama bayaninsa sarai. Washegari da shi na buɗe darasi.

Bayan mako biyu sabuwar malamar nan ta gan ni ina jera takardun a kan tebur, ta tambaye ni na mene ne. Na jawo kujera na zauna kusa da ita, muka karanta su tare.