Auta ta tsallake maganar

Laraba. An kawo wuta da la'asar, na yi guga, na cika waya. Miyar kukar yau ta yi daɗi, har Inna ta ƙara.

Bayan isha'i na koma kan opera ɗin da na fara shekaranjiya, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da kiɗa, Auren Figaro na mai tsara kiɗan nan Mozart, wanda aka fara nunawa a birnin Biyana na Austriya a 1786. Auta ta zo ta kwanta gefena, muka raba abin kunne. Muna cikin kashi na uku sai kawai ta miƙa yatsa ta ja bidiyon gaba.

"Ke, me ya sa?"

"Yaya, wannan ai surutu ne. Mu je wurin waƙar."

Wallahi sai da raina ya sosu. Abin da ta kira surutu sunansa rechitatibo. Rerawa ce mai bin numfashin magana, tana hawa tana sauka yadda hira take yi, babu amshi, babu maimaici. Yawanci wani kayan kiɗa mai kama da piyano, hafsikod, shi kaɗai ke rakiya: ya ɗan taɓa, ya yi shiru. Italiyawa na ce wa irin wannan "sekko", wato busasshe. A nan ake ƙulla makirci, a ba da wasiƙa, a yi ƙarya. Ita kuwa ariya, wadda Auta ke sauri ta kai, labarin tsayawa yake cak, duk makaɗa su shigo, mutum ɗaya ya ɗauki 'yan layuka ya yi ta juya su na wasu mintuna.

Kuma duk wuraren da za ta tsallake, sai wannan! Matar basaraken da ke cikin labarin ce ita kaɗai a ɗaki, tana jiran 'yar aikinta Susanna, shiru ba ta zo ba. Sun shirya musanya tufafi don ta kama mijinta da hannu dumu-dumu. A nan Mozart bai bar ta da hafsikod ba, gogunan Turawa ya sa mata, suna yanko maganarta kamar bugun zuciya. Tana faɗin yadda aka so ta, aka wulaƙanta ta, aka ci amanarta, har ta kai ga neman taimakon mai yi mata aiki. Sai bayan ta haɗiye wannan ɗacin muryarta ta kwanta, ta shiga ariyar da take tambayar ina kwanakin daɗin suka tafi. Wanda bai ji na farkon ba, murya mai zaƙi kawai zai ji.

Na faɗa wa Auta haka. Ta ce, "To ni ina jin Italiyanci ne?" Ta juya ta yi barcinta.

Wannan amsar ce ta hana ni sukuni, don tana da gaskiyarta. Masanan birnin Fulorans na Italiya da suka ƙirƙiro salon nan wajen 1600, irin su Jacopo Peri, burinsu ke nan: a ji kowace kalma, kiɗa kada ya danne ta. Ga shi mu kalmomin ne ba ma ji, sai mun bi fassara a ƙasan allo.

Na mayar da bidiyon baya, na rage sauti. Sau uku na saurari wurin. Inda ta ce 'yar aikinta za ta roƙa, muryar matar har rawa take.

Ƙarfe ɗaya saura. Gobe akwai kai Inna asibiti da sassafe.