Italiyancin da ake ɗauka a bakin Catarella

Malaman da ke cewa "kunna talabijin kawai, harshe zai shiga da kansa" ba su ne ke zama a ɗakin jarrabawa ba. Shirin da suka fi tura ɗaliban Italiyanci gare shi shi ne Il commissario Montalbano, wanda RAI, tashar gwamnatin Italiya, ta nuna daga 1999 zuwa 2021, kashi 37, kowanne ya haura awa ɗaya da rabi. Daga littattafan Andrea Camilleri aka ɗauko shi, Luca Zingaretti ne ke fitowa a matsayin ɗan sandan, wato Montalbano. Shiri ne mai daɗin kallo. Abin da ba a gaya wa mai koyo shi ne, ba Italiyanci zalla ake yi a cikinsa ba.

Garin Vigata da labarin ke faruwa ƙirƙirarre ne, amma a tsibirin Sisili aka ajiye shi, a lardin Ragusa aka ɗauki yawancin hotunan, kuma bakin mutanensa a cakuɗe yake da Sisiliyanci. Ɗan Italiya yana jin inda aka sauya harshe nan take, kamar yadda Bakano ke gane Basakkwace daga gaisuwa. Mai koyo ba shi da wannan kunnen. Duk abin da ya ji sai ya kwashe ya zuba a littafinsa: taliare a matsayin kallo, accattare a matsayin saye, travagliare a matsayin aiki, picciotto a matsayin saurayi. Ya haddace, ya yi wata shida yana maimaitawa. Ranar da ya rubuta su a takardar jarrabawa, jan biro ne zai bi su ɗaya bayan ɗaya, domin kalmomin da ake nema su ne guardare, comprare, lavorare da ragazzo. Cire kalmar da ta riga ta zauna a baki kuwa ya fi koyon sabuwa wuya sau biyu.

Kalmomi ma da sauƙi, ana duba ƙamus a gane. Wanda ya fi cin mutum shi ne ginin jimla, don shi ba ya nuna kansa. Ɗan sandan in ya ɗaga waya cewa yake "Montalbano sono", wato ni ne Montalbano, aikatau a ƙarshe, salon Sisili ke nan. A sauran ƙasar "sono" ake fara faɗa kafin suna. Haka nan lokacin da ya wuce. 'Yan Sisili na amfani da sigar da ake kira passato remoto ko don abin da ya faru ɗazu, su tambaye ka "mangiasti?", wato ka ci abinci, alhali a Milan ko Turin "hai mangiato?" za ka ji. Ba laifi ba ne a nahawu, amma baƙon da ya yi magana haka a arewacin Italiya sai a dube shi kamar wanda ya shiga kasuwa yana Hausar tsofaffin littattafai.

Sai Catarella, mai karɓar waya a ofishin. Shi ne ya fi kowa shiga rai, shi ne kuma bai kamata a kwaikwayi ko kalma ɗaya daga bakinsa ba. An gina shi ne don ya riƙa kwaɓa harshe: yana son yin Italiyancin ofis bai iya ba, yana karya sunayen mutane, yana ninka kalma a inda ba a ninkawa. 'Yan ƙasa dariya suke yi. Mai koyo da bai san wasa ake yi ba yana iya ɗaukar maganar a matsayin ladabi, ya je ya yi ta a gaban jami'i. Dariyar da za a danne a wannan ofis ba ta saurin fita daga rai, kuma malamin da ya ba da shawarar kallon ba ya wurin.

Gyaran abin ba shi ne a daina kallo ba. A raba mutanen shirin gida biyu tun kashi na farko. Livia, budurwar ɗan sandan da ke zaune a Jenoba, Italiyanci tsabtatacce take yi, haka shugaban 'yan sandan lardi da masu karanta labarai a talabijin ɗin cikin shirin. Waɗannan ake kwaikwayo. Catarella, tsofaffin ƙauye, masunta, 'yan mafiya da mai dafa abinci, su saurare kawai ake yi. Montalbano kansa yana tsakiya: in yana gaban manya ko yana yi wa mai shaida tambayoyi, ana iya bin sa, in ya fusata, a ajiye biro, galibi ashar ce.

Kashi guda ba a cinye shi a zama ɗaya. Minti goma ya isa aikin yini. Kallo na farko ba rubutu a ƙasa, don a gwada kunne. Na biyu da rubutun Italiyanci, ba na wani harshe ba, domin ido na ganin harshen da ya sani kunne ke tafiya hutu. Na uku ana tsayarwa bayan kowace jimla ana maimaitawa da ƙarfi. Littafin rubutu a ja masa layi a tsakiya: dama abin da ƙamus ya tabbatar Italiyanci ne, hagu abin da ƙamus bai sani ba ko ya ce na yanki ne. Kada kalma ta tsallaka daga hagu zuwa baki. Kalma takwas zuwa goma a rana, kowacce da jimlar da aka ji ta a ciki. Wanda ya tara hamsin, ran Juma'a ba zai tuna biyar ba.

Akwai abin da shirin 'yan sanda ke bayarwa da littafin aji ba ya bayarwa. Tambayoyin bincike su ne tambayoyin da baƙo zai sha: ina kake zaune, yaushe ka zo, wa ya san ka, kawo takardunka. Questura da ake ambata a kowane kashi ita ce ofishin da ke ba da permesso di soggiorno, takardar izinin zama. Questore shi ne shugabanta, commissario kuwa ya fi kusa da DPO, ba kwamishina ba. In aka kira shi dottore ba likita ake nufi ba, duk mai digiri haka ake kiran sa. A lura da wanda ake ce wa Lei, "kai" na girmamawa, da wanda ake ce wa tu, "kai" na sabo. Jami'i Lei ne, ko da ɗan cikinka ne a shekaru. A ma'aunin iya harshe, matakin A2 ake nema don izinin zama na dogon lokaci, B1 don zama ɗan ƙasa tun ƙarshen 2018, kuma jarrabawar Italiyanci ta CILS da ake shiryawa a Siena da ta CELI da ake shiryawa a Perugia ba su san Vigata ba.

Bahaushe yana da abin da Bature ɗan Ingila ke shan wuya a kai: baƙi mai ninki. Wanda ya raba baba da babba ba zai haɗa nono da nonno ba, na tara da kaka, ko pena da penna, wahala da biro. Kalma mai ƙarewa da a galibi mace ce, kamar a Hausa, sai 'yan tsiraru irin il problema, yadda gida da ruwa suke a wurinmu. Inda muke faɗuwa shi ne p da f: patto yarjejeniya ce, fatto abin da aka aikata. Sai v da b.

Mai son farawa da sauƙi ya fara da shirin Don Matteo, maganarsa ta fi fita. Shirin Rocco Schiavone kuwa bakin Roma ne, shi ma sai da layin tsakiyar littafi.