Daga Katsina zuwa Manchesta saboda jarrabawar PLAB 2

Ranar da zan tashi zuwa Manchesta don PLAB 2, kashi na biyu na jarrabawar da likitan da ya yi karatu a wata ƙasa ke yi kafin a ba shi izinin aiki a Ingila, Inna ba ta koma barci ba bayan asuba, tana ta ɗaure-ɗauren kaya, ga kuka ga busasshiyar kuɓewa ga kilishi leda guda. Da ƙyar na fahimtar da ita cewa ba a barin mutum ya shiga Ingila da nama, kilishin nan sai dai mu cinye a mota. Ta yi shiru ta ce "to mi za ka ci can?" Na ce Inna akwai Musulmi da yawa, ba zan rasa ba. Ta sa mini albarka, ta kuma ce abin da take faɗa tun ranar da na fara maganar zuwa aikin likita a Ingila, wai idan duk ku likitoci kun tafi wa zai duba mu. Ban ba ta amsa ba, har yau ma ba ni da amsar da za ta gamsar da ita.

Mun bar Ƙofar Ƙaura da sassafe cikin hazon Disamba, Charanci, Kankiya, Gidan Mutum Ɗaya, Tsanyawa, Bichi, sai Kano. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi, muka yada zango a Doha, washegari na ganni a Manchesta.

Amma gaskiya tafiyar ta fara tun shekaru kafin nan. A Khartum na yi karatun likita, na gama kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa ƙannenmu da ke can. Da na dawo sai da na zauna jarrabawar MDCN, hukumar rajistar likitoci ta Najeriya, wadda ake yi wa duk wanda ya yi karatu a waje kafin a ba shi lasisin taɓa mara lafiya a Najeriya, na yi shekarar koyon aiki a asibiti, na yi bautar ƙasa. Shi kuma layin Ingila nasa matakan daban. Da farko jarrabawar Turanci, ko IELTS da maki 7.5 gaba ɗaya kuma kada ka gaza 7 a kowane ɓangare, ko OET da B a duka ɓangarorinta huɗu. Ni OET na yi don ita duk zancen asibiti ce. Sai PLAB 1, tambaya 180 a awa 3, wannan a Abuja na rubuta. Sai a tantance takardar digirinka ta hannun ECFMG, wata hukumar tantance takardun likitoci, su tuntuɓi makarantarka kai tsaye, wanda makarantarsa ke Sudan ya san irin zaman jiran da ke cikin wannan. PLAB 2 ita ce ba a yi a ko'ina sai Manchesta, dole ka nemi biza ka je da ƙafarka, kuɗin jarrabawar kaɗai a lokacin kusan fam 1,000 ne, ka lissafa da naira ka ƙara jirgi da masauki, wallahi sai da na sayar da filina na bayan gari.

A unguwar Longsight na sauka, ɗaki ɗaya mu biyu da wani likita ɗan Pakistan, a ƙasa akwai 'yan Najeriya uku da wata 'yar Sudan da muke ɗan taɓa Larabci da ita. Sanyin Katsina na hunturu bushewa ne, na can jiƙa ne, yayyafi kullum ba ya ƙarewa. Abin da ya fi rikita ni lokutan salla, kafin ƙarfe 4 na yamma an yi magariba, azahar da la'asar kamar a haɗe suke. Abinci kam alhamdulillahi, titin Wilmslow a Rusholme cike yake da shagunan halal, ni dai na fi dafa miyar kukar Inna da garin semo.

Sati biyar muka yi muna gwaji, ɗaya ya zama likita ɗaya ya zama mara lafiya ɗaya ya riƙe agogo. A nan na gane jarrabawar ba irin wadda na saba ba ce. Ɗakuna 16 ne, kowanne minti 8, kana karanta 'yar takarda a bakin ƙofa ka shiga ka tarar da ɗan wasan kwaikwayo da aka horar ya zama mara lafiya, wani ɗakin mutum-mutumin roba ne, wani kuma ta waya za ka yi magana. Ilimin cutar da maganinta duk mun sani, wanda ya kwana yana karɓar yara masu zazzaɓin cizon sauro a watan Satumba a Katsina ba za a koya masa gaggawa ba. Inda muke faɗuwa a gwaji shi ne magana. Sai ka tambayi mutum me shi yake ganin ke damunsa, me yake tsoro, me yake fatan ka yi masa. Sai ka nemi izini kafin ka taɓa shi, ka faɗa masa abin da za ka yi, ka ba shi zaɓi, in ya ce a'a to a'a ce.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne faɗa wa mutum mummunan labari. Mu a gida idan sakamako ya nuna kansa, miji ko babban ɗa ake ja gefe, ita mai ciwon a ce mata a ci gaba da addu'a. A can kuwa in ɗanta ya tare ka ya ce don Allah kada ka gaya wa mahaifiyata, aikinka ka saurare shi da tausayi ka kuma nuna masa cewa ita ke da haƙƙin sani idan tana so, kuma ba za ka yi maganar ciwonta da shi ba sai ta yarda. Ranar farko da muka gwada wannan, 'yar Sudan ɗin ce ta zama uwar, na faɗa mata, na yi shiru kamar yadda ake so, sai kawai wata baiwar Allah daga wajen Mashi ta faɗo mini a rai. Wata biyu tana kwance a wajenmu, kullum in na zo zagaye sai ta kama hannun rigata ta ce "likita mi ke gare ni?" ni kuma in ce da sauƙi Mama, don mijinta ya roƙe ni. Ta rasu ba ta ji daga bakina ba. Ban ce tsarinsu ya fi namu a komai ba, yadda dangi ke kewaye mara lafiya a wajenmu abu ne da su ba su da shi, amma matar nan ta tambaye ni da bakinta, sau da yawa. Daren nan ban iya karatu ba.

Ranar jarrabawa na hau bas zuwa tsakiyar gari, cibiyar GMC, hukumar rajistar likitoci ta Birtaniya mai shirya jarrabawar, tana unguwar Spinningfields. Aka duba fasfo, aka ɗauki hoto, aka kulle wayoyi. Da ƙararrawar farko ta buga ban ƙara sanin inda lokaci yake ba. A wani ɗaki lokaci ya ƙare ban gama bayanin magani ba, na fito zuciyata na bugawa, na yi ta maimaita hasbunallahu a bakin ƙofa ta gaba don in na shiga da tunanin wancan to na rasa biyu. Bayan wajen awa 3 muka fito, gari ya riga ya yi duhu.

A bas ɗin komawa wani ɗan'uwa ɗan Kano da ya ci tasa tun bara ya tuna mini cewa cin PLAB rajista kawai yake ba ka. Bayan nan sai neman aiki a NHS, wato asibitocin gwamnatinsu, shi wata takwas ke nan yana cike-cike, kuma Najeriya na cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce suna da ƙarancin ma'aikatan lafiya, don haka ba za su zo ɗibar mu ba sai dai kai ka nema da kanka. Horon ƙwarewa kuma wani layin ne da tasa gasar, wasu fannonin har da wata jarrabawar, MSRA.

Na dawo ta Kano, hazo ya sa jirginmu ya yi ta shawagi kafin ya sauka. Inna na zaune kan tabarma ta ce "an ci?" Na ce sai nan da wata guda za a sani. Litinin na koma aiki, layi har waje. Wani dattijo daga Kaita ya shigo da ɗansa, ɗan ya fara bayani, na ce ɗan dakata, na juya kujerata wajen tsohon na ce Baba kai mi kake ganin ke damunka? Ya daɗe yana kallona, sannan ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa ya fara magana.